Zambo Cikin Hoto: Raha Mai Ɗaci da Haɗarinta



Abin da zan yi magana a kansa shi ne hoton haɗi, watau hoton da ake ƙaga shi daga guntayen hotuna dabam-dabam don a ba mutane dariya a kan abin da ya kamata ya sa su kuka. Bahaushe ba baƙo ba ne ga irin wannan raha. Muna da zambo da habaici, muna da wasan Fulani da Barebari, muna da 'yan kama waɗanda ke mayar da yunwa abin nishaɗi. Abin da ya sake shi ne kayan aiki.

Tun kafin kwamfuta ake wannan sana'a da almakashi da gam. A shekarar 1932 wani Bajamushe, John Heartfield, ya haɗa hoton Hitler yana jawabi, cikinsa kuwa cike da tsabar zinariya, don ya nuna cewa attajirai ne ke ciyar da shi. Da Hitler ya hau mulki a 1933, sai da Heartfield ya gudu daga Jamus. A 1990 kamfanin Adobe ya fitar da Photoshop, aikin da kan ci kwanaki ya koma na 'yan mintoci, daga baya kuma ya shiga wayar hannu.

Yadda ake yinsa ba wuya. Akan ɗora hotuna bisa juna kamar shimfiɗa, a yanke abin da ake so daga na sama, a share saura, sa'an nan a daidaita girma da haske da inuwa. A ce bayan ambaliyar da ta cinye shinkafar Jihar Kebbi a 2020, wani saurayi a Katanga ko Jega ya haɗa hoton manomi yana kamun kifi a tsakiyar gonarsa, sanye da babbar riga. Duk wanda abin ya shafa zai yi dariya, domin ya gane wasa ne, kuma wasan ya faɗi gaskiyar da ke ransa.

To, ina haɗarin yake? Mai zambo ana ganinsa, an san gidansu, in ya wuce gona da iri akwai dattijon da zai tsawata masa. Hoto kuwa yakan bar mai shi a baya, ya isa wurin waɗanda ba su san wasa ba ne, ga shi kuma mun saba cewa gani ya kori ji. A 2017, sa'ad da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya daɗe yana jinya a Landan, aka yaɗa cewa ya rasu, wai wani Jibrin daga Sudan ne ke zaune a kujerarsa. Aka yi ta jera hotunansa ana gwada kunne da hannu. Wasu raha suke yi, wasu kuwa sun gaskata, har ta kai Shugaban ya ƙaryata zancen da bakinsa a ƙasar Folan cikin Disamba 2018.

Saboda haka ina ba mai haɗa hoto shawara biyu. Ta farko, ya bar ɗinkin a fili, yadda ko yaro zai gane haɗi ne. Ta biyu, ya dubi wanda dariyar za ta faɗa wa. Zolayar mai iko ko tsadar albasa a Aliero daban, wasa da gawar ɗan wani daban. Mai kallo kuma ya duba inuwa, ya duba gefen wuya da yatsu, ya tambayi inda hoton ya fito kafin ya tura wa wani. Wannan ya fi wajaba a kan ma'aikacin hukuma, domin abin da ya fito daga hannunsa talaka yakan ɗauke shi maganar Gwamnati.