Yadda ƙwayoyin jini ke gane hanyar zuwa wurin rauni

Idan ƙusa ta soki yaro yana wasa a wani lungu na unguwar Gyallesu da ke Zariya, cikin 'yan sa'o'i wurin zai kumbura, daga baya ya tara mugunya.

Akasarin wannan mugunya gawarwakin fararen ƙwayoyin jini ne, waɗanda suka fito daga jijiya domin yaƙar ƙwayoyin cuta.

To, ta yaya halittar da ba ta da ido, ba ta da ƙafa, ke sanin inda za ta tsaya?

Birki da ƙugiya

Naman da ya ji rauni kan saki wasu sinadarai na neman agaji. Daga nan bangon jijiyar da ke kusa sai ya fito da wani furotin mai suna selektin.

Shi ne ke ɗan kama farar ƙwayar da jini ke gudu da ita, ya saki, ya sake kamawa, har ta rage gudu tana mirginawa.

A lokacin ne kafofin karɓar saƙo da ke fatar ƙwayar ke jin kiran, su aika umarni cikinta. Umarnin kan sa wani furotin, integirin, wanda ke lanƙwashe, ya miƙe ya damƙi bangon kamar ƙugiya.

Shi ma integirin yakan mayar da saƙo ciki. Zaruruwan aktin sai su taru a gaba suna turawa, na baya su tsuke, tsohon riƙon ya saki. Da haka ƙwayar ke rarrafe har ta kutsa ta bangon.

A shekarar 2022 aka bai wa Richard Hynes da Erkki Ruoslahti da Timothy Springer lambar yabo ta Lasker a Amurka saboda gano integirin.

Akwai jariran da ake haifa da naƙasa a wannan furotin. Cibiyarsu kan yi makonni ba ta faɗi ba, kuma rauninsu ba ya tara mugunya, domin dakarun ba sa isa fagen daga.

Idan riƙon ya wuce kima

A Najeriya matsalar da aka fi sani ita ce akasin haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu amosanin jini, wato sikila, a ƙasar duk shekara.

Ba lanƙwashewar jajayen ƙwayoyi ce kaɗai ke toshe jijiya ba. A jikin mai sikila, fararen ƙwayoyi kan manne a bango fiye da kima, jajayen su maƙale a jikinsu, jini ya tsaya.

Wannan ne ciwon ƙashi mai tsananin da ke kai iyalai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, musamman lokacin hunturu.

A 2019 Amurka ta amince da maganin crizanlizumab, mai toshe selektin. Sai dai Tarayyar Turai ta janye izininsa a 2023, bayan wani gwaji ya kasa nuna cewa yana rage yawan tashin ciwon.

Tsohon maganin nan hydroxyurea, wanda ake samu a Najeriya, yana cikin amfaninsa rage yawan fararen ƙwayoyi da kuma mannewarsu. Likita ne kaɗai ke tsara shansa, tare da gwajin jini a kai a kai.