Mai Hannun Jarin da Ya Ce Albarka

 Yau shirinmu zai leƙa Amurka, kan tambayar da ta shafi duk wanda ya taɓa sayen hannun jari: idan masu rinjaye suka amince a sayar da kamfani, kai kuwa kana ganin farashin ya yi kaɗan, ina makomar dukiyarka?

A shekarar 2013, Michael Dell, wanda ya kafa kamfanin kwamfuta na Dell, ya haɗa gwiwa da kamfanin zuba jari na Silver Lake don su saye kamfanin Dell ɗungurungum. Suka taya kowane hannun jari dala 13.75, cinikin kusan dala biliyan 25. Mafi yawan masu jari suka sallama. Wasu suka ce albarka.

To, a jihar Delaware, inda aka yi wa Dell rajista, doka ba ta bar irin waɗannan mutane kara zube ba. Sashe na 262 na dokar kamfanoninta ya ba wanda bai yarda da cinikin ba damar zuwa kotu, alƙali ya ƙiyasta ainihin darajar hannun jarinsa, kamfani ya biya shi. Sai dai da sharaɗi. Dole ya rubuta buƙatarsa kafin a kaɗa ƙuri'a, kada ya zaɓi cinikin, ya riƙe jarinsa har a kammala, sannan a shigar da ƙara cikin kwana 120.

Kada a raina waɗannan sharuɗɗa. Kamfanin T. Rowe Price, mai juya kuɗin jama'a, ya daɗe yana sukar cinikin a fili, amma bisa kuskure aka kaɗa ƙuri'unsa a ɓangaren amincewa. Kotu ta ce ya rasa haƙƙinsa. Daga aljihunsa ya biya masu hulɗa da shi diyyar kimanin dala miliyan 194.

Sauran masu ƙarar fa? A watan Mayun 2016, alƙali Travis Laster ya yanke cewa darajar gaskiya dala 17.62 ce, wato an taya musu kaya ƙasa da ƙimarsa. Murna ba ta daɗe ba. A Disambar 2017 Kotun Ƙolin Delaware ta soke hukuncin. Hujjarta ita ce an buɗe ƙofa ga masu saye da dama, ba wanda ya kawo tayin da ya tsaya sama da na Michael Dell, don haka farashin cinikin shi ne babbar shaida.

A nan ne nake da ja, masu sauraro. Mutumin da ya gina kamfani, ya san cikinsa da bayansa, idan shi ne mai saye, wa zai yi gangancin shiga takara da shi? Shirun 'yan kasuwa ba kullum yake nufin farashi ya yi daidai ba.

Akwai kuma kasada. A 2019, a shari'ar kamfanin Aruba Networks, Kotun Ƙolin Delaware ta yanka wa masu ƙara dala 19.10, alhali an yi ciniki a kan dala 24.67. Garin neman ƙiba suka samo rama.

A Najeriya ma, dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mai ƙaramin kaso da ake danne wa haƙƙi damar zuwa Babbar Kotun Tarayya, kuma kotu na iya ba da umarnin a sayi hannun jarinsa. Saboda haka, idan takardar kiran taron masu jari ta iso ka, karanta ta tun daga farko har ƙarshe, ka duba wa'adin da aka sa, ka nemi lauya kafin ka sa hannu a takardar wakilci. Mu kwana nan, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.