Faɗuwar Cali sana'a ce, ta Baba kuwa karaya

Makonni uku da suka wuce, a teburin wani mai shayi da ke bakin titin Kalambaina, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin siminti ya miƙe ya karɓi kofinsa. Da ya dawo zai zauna sai ya ji wayam. Wani saurayi ya janye bencin, abokinsa kuma na gefe ya saita waya. Dattijon ya zube da ƙugu a kan daɓe, shayi mai zafi ya malale masa a ƙirji. Da jama'a suka taso wa yaron, abin da ya iya cewa shi ne: "Wallahi wasa na, Baba. Irin na Mista Bin na." Ina wurin, da idona na gani. Ba shi ne na farko ba kuma. Na ga an watsa wa mai tallan nono ruwa, na ga an jefa wa almajiri macijin roba yana barci a inuwa, duk don a ɗauka a sa a TikTok. Kullum kuma hujjar ɗaya ce, wai ai haka Turawa ke barkwanci. To tunda sunan Mista Bin da Cali Caplin ake ɓuya a bayansa, bari mu da muka tashi da kallonsu mu faɗi abin da muka sani.

Kamfanin siminti na Kalambaina ya fara aiki a 1967, kuma a gidajen ma'aikatansa irinmu suka fara ganin talabijin mai baƙi da fari. A shimfiɗa tabarma a tsakar gida, yara a gaba, manya a baya, wanda bai samu shiga ba ya leƙa ta taga. Kafin nan iyayenmu majigi suka sani, motar da ke zuwa fili da dare ta kafa farin ƙyalle. Cali da 'yar hularsa da sandarsa da ɗan gashin baki da takalman da suka fi ƙarfin ƙafarsa. Frank Spencer wanda in ya ce zai gyara ƙofa sai gidan ya rushe. Norman Wisdom da kwat ɗin da ta matse shi da hula a karkace. Daga baya, zamanin kaset, Mista Bin da 'yar motarsa da 'yar tsanarsa. Ba ma jin Turanci, ba mu kuma buƙace shi ba. Kakata, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa kiran Cali da sunansa ba, "wanga ɗan banza mai gwame" take cewa, tana dariya har da hawaye.

Turawa na kiran irin wannan wasa slapstick. Asalin sunan wata sanda ce ta 'yan wasan Italiya, katako biyu sirara da aka haɗa, in an buga wa mutum sai su yi ƙara kamar an fasa ƙashi, alhali ko ja fatar ba ta yi ba. Wannan ya ishe mu ma'ana.

Kuskuren da ya yi katutu a kawunan yaranmu, har da wasu manya, shi ne ɗaukar waɗannan mutane a matsayin wawaye na gaske waɗanda aka bi da kyamara, kuma wai abin da suke yi haka nan yake faɗo musu. Tun muna yara ake rantsuwa cewa Mista Bin taɓaɓɓe ne, wasu su ce bebe ne. Sunan mutumin Rowan Atkinson, an haife shi a 1955, ya karanta injiniyancin lantarki a jami'ar Newcastle, ya yi digiri na biyu a Oxford. A 2001 yana cikin ƙaramin jirgi da iyalinsa a Kenya, matuƙin ya suma, shi ya riƙe jirgin har matuƙin ya farfaɗo. Wannan ne taɓaɓɓen naku. Shirin Mista Bin da muke gani kamar ba ya ƙarewa, kashi 15 ne kacal aka yi tsakanin 1990 da 1995, kuma marubuta ne suka zauna da shi suka tsara kowane motsi. Wanda ya zauna kusa da shi a coci yana jure masa, da wanda ya ɓata wa jarrabawa, duk 'yan wasa ne, sun karanta rubutun, sun san abin da zai same su, an biya su. Tunda maganar ji-ta-ji-ta ta zo, Facebook ta kashe bawan Allahn nan ya fi a ƙirga, wata shekara kuma aka ce ya musulunta, duk babu tushe, amma har yau akwai masu turo min.

Cali ya fi ba da mamaki. An haife shi a Landan a 1889 cikin talauci mai tsanani, uba mashayi, uwa mai fama da taɓin hankali, har gidan gajiyayyu ya zauna yana yaro. Bai cika shekara goma sosai ba ya shiga ƙungiyar yara masu rawa don ya ci abinci. A 1908 ya shiga ƙungiyar Fred Karno, inda ake koyar da faɗuwa kamar yadda ake koyar da ƙira: yadda za ka saki jiki, wace gaɓa ce za ta fara taɓa ƙasa, yadda za ka kare ƙeya. Stan Laurel, siririn nan abokin Hardy mai ƙiba, a ƙungiyar ya koya shi ma. Sai a 1914 Cali ya fara fim a Amurka, wato bayan ya shafe shekaru goma sha yana faɗuwa a gaban jama'a kusan kowane dare. A fim ɗinsa City Lights na 1931 akwai wurin da wata makauniya mai sayar da fure ta ɗauke shi attajiri. Abin bai wuce 'yan mintuna ba, amma sau 342 aka ɗauke shi kafin ya gamsu. Takalmin da ya dafa ya ci a The Gold Rush na 1925, wanda muka sha musu a kansa a makarantar allo, da baƙar alewa aka ƙera shi. A Modern Times na 1936, fim ɗin da injin masana'anta ya haɗiye shi, wanda ma'aikatan siminti suka fi so saboda sun san zafin bin inji, akwai inda yake yawo da takalmi mai taya idonsa a ɗaure a bakin wani rami mai zurfi cikin kanti. Babu rami a wurin. Zane ne aka yi a jikin gilashi aka sa gaban kyamara. Mu muna nan zuciya na dukan uku-uku, shi kuwa yana kan daɓe lafiya lau.

Norman Wisdom ɗan dambe ne tun yana soja, jikinsa ya san duka da faɗuwa kafin fim ɗinsa Trouble in Store na 1953 ya fito da shi. Michael Crawford, wato Frank Spencer, da kansa yake yin wasannin haɗari, amma da masana a gefe, an auna hanya, an gwada, an sake gwadawa. Duk da wannan shiri, sana'ar takan ci masu ita. Harold Lloyd na Amurka ya rasa babban yatsa da manuni a 1919 lokacin da bam ɗin da aka ɗauka na wasa ne ya fashe a hannunsa. Buster Keaton ya karya wuya a 1924 wurin ɗaukar fim, bai ma sani ba sai bayan shekaru da likita ya ɗauki hotonsa. In gwanaye da kayan aiki sun sha haka, ina ga tsoho ɗan shekara saba'in da bai san za a janye masa benci ba?

Akwai kuma abin da masu kwaikwayon nan ba su lura da shi ba ko kaɗan. A duba waye ke shan wuya a wasan Cali. Shi ne. In kuwa ya shammaci wani, to ɗan sanda ne mai cin zali, ko ƙaton da ya fi shi ƙarfi sau uku, ko mai kuɗin da ya wulaƙanta shi. Shi ya sa talaka a ko'ina yake ganin Cali nasa ne. Shi ya sa ma a Albaniya, lokacin mulkin Enver Hoxha da aka toshe finafinan Yamma, aka bar na Norman Wisdom, don ƙaramin ma'aikaci ne da manya ke takawa. Yaranmu sun juya abin. Mai waya da data shi ke dariya, mai talla da almajiri da tsoho su ke faɗuwa. Mu a Hausa wannan tana da suna tun da daɗewa, dariyar ƙeta.

Kada ma a ce sai mun je Ingila neman misali. Usman Baba Pategi, Samanja, ya shekara da shekaru yana ba Arewa dariya da gurɓatacciyar Hausar bariki, bai karya kowa ba. Kasimu Yero haka. Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, in ana guje-guje shi ake bi, in ana duka shi ake duka, kuma duk wanda ke cikin fim ɗin ya san fim ake yi. 'Yan kama da cikinsu suke wasa, su mai da kansu mayunwata don a yi dariya. Wasan taubasai, da na jika da kaka, da na Fulani da Barebari, da na Gobirawa da Yarbawa, kowanne da iyakarsa, kuma kowa ya san wanda yake da hurumin yi da shi. Ba ka tare baƙo a hanya ka ce taubashinka ne. Addini ma ya rufe ƙofar: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a firgita Musulmi, ya hana a ɗauke masa kayansa ko da da wasa. Yaron da ya haddace wannan a Islamiyya da safe shi ne ke jefa macijin roba da yamma, abin da ke ba ni haushi ke nan.

Na san akwai zaman banza da son suna da kwaɗayin kuɗin da aka ce ana samu a intanet. Ba su ne damuwata a yau ba.

Ga masu son barkwanci da gaske, kuma akwai masu baiwa a cikinku, ku rubuta abin da za ku yi kafin ku kunna waya. Duk wanda zai fito a ciki a gaya masa, ya yarda da bakinsa, in yaro ne a nemi iznin iyayensa. In da faɗuwa a wasan, mai wasan ne zai faɗi, a kan katifa ko yashi mai laushi, a kawar da dutse da kwalba da murhu, sannan a saita kyamara yadda katifar ba za ta fito ba. Ƙarar mari da ta duka ana sa ta ne daga baya, wayar da ke hannunku tana iya wannan. Kada a yi wasa a bakin titi. Kowa ya san irin manyan motocin da ke bin hanyar Kalambaina dare da rana, kuma wanda aka firgita ba ya duba gabansa kafin ya ruga. Tsoho, da mai ciki, da mai farfaɗiya, da mai hawan jini ko ciwon zuciya, babu wasan firgita da su ko sun ce sun yarda. Wasan nan da ya yaɗu a TikTok a 2020, wanda mutum biyu ke sa na uku ya yi tsalle su kwashe masa ƙafafu, ya kwantar da yara a asibiti a ƙasashe da dama, don da ƙeya ake sauka. Malaman makaranta su sa ido a kansa lokacin tara.

In kuma abin ya riga ya faru, a bar rige-rigen ɗaga mutum. Wanda ya ce wuyansa ko bayansa na ciwo, ko ƙafarsa ta mutu, ko ya kasa motsa yatsu, a bar shi yadda yake, a riƙe kansa kada ya juya, a nemo faffaɗan katako a ɗauke shi a miƙe. Kada a naɗe shi a kan babur. Tsohon da ya faɗi da ƙugu ya kasa taka ƙafa, a ɗauka karaya ce har sai hoto ya nuna ba ita ba ce, kuma a yi hoton kafin a kira mai ɗori. Ƙashin ƙugu yana can ciki, hannu ba ya gane shi, ja da murɗa kuma ƙara ɓarna suke. Wanda ya bugu a kai, ko ya tashi ya kakkaɓe riga ya ce ba komai, a lura da shi kwana biyu. Amai, ciwon kai mai ƙaruwa, barci mai nauyi, magana ba kan gado, jini ko ruwa daga kunne ko hanci, kowanne daga ciki ya isa a nufi asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ba tare da jiran gari ya waye ba. A tsofaffi jinin kan taru a hankali, sai bayan makonni a ga mutum ya rikice a ce tsufa ne ko iska.

Iyaye kuma, ku karɓi wayar ku ga abin da ake ɗauka da ita. Mu masu kallo, duk bidiyon da ka ga wanda ke ciki bai san ana ɗaukarsa ba, kada ka tura gaba, don turawarka ce ladan da yaron ke nema.

Na je gaida dattijon ranar Juma'a. Tsagewa ce a ƙashin ƙugu, a zaune yake salla yanzu, mahaifin yaron ne ke biyan kuɗin magani yana ta ba da haƙuri. Muna hira sai maganar Cali ta taso, ya ce rabonsa da shi tun yana sabon ma'aikaci. Na nemo masa wurin cin takalmin a wayata. Ya kalla har Cali ya fara tsotsar ƙusoshi kamar ƙashin kaza, sai ya dafe ƙugu ya ce, "Ɗana, kashe abin ga, dariya na ƙara min ciwo."