Fuka ba ta hana yaro gudu

Da ɗari ya shigo, iskar hunturu takan sauko da ƙura cikin kwarin Majiya. Itatuwan dogon yaro da aka fara dasawa wajen Buza a 1975 sun rage ƙarfinta cikin gonaki, amma filayen wasan lakkal ba su da kariya. A Madawa, Buza da Kaita, wannan lokaci ne wasu yara ke faɗuwa da tari bayan gudu, ƙirjinsu yana fito. Mushe ya ce lalaci ne. Uwaye kuma su hana yaro wasa ɗungum. Duka biyu kuskure ne.

Mai gudu da baki yake numfashi. Iska busasshiya mai sanyi tana shiga huhu, sai hanyoyin numfashi su tsuke. Abin ya fi tsanani minti 5 zuwa 10 bayan an tsaya, galibi yakan lafa cikin awa guda.

Haile Gebrselassie na Habasha yana da fuka. Saboda gurɓatar iska ya ƙi yin gudun kilomita 42 a Beijing a 2008. Cikin wannan shekara ya kafa tarihin duniya a Berlin: awa 2, minti 3, daƙiƙa 59.

Yaro mai fuka ya fara ɗumama jiki da sassarfa, minti 10 ko 15. Ranar ƙura ya rufe hanci da ƙyalle. Akwai maganin shaƙa, salbutamol, da lokotoro ke rubutawa. Ana shaƙarsa kamar minti 15 kafin gudu. In yaro ya kasa magana, ko leɓunansa sun sauya launi, a kai shi likita nan take, ko da dare ne.