Daga Legas Zuwa Kano a Jirgin Sama: Nisa da Lokaci

Gabatarwa

Bahaushe ya saba auna tafiya da lokaci. Idan ka tambaye shi nisan wani gari, sai ya ce maka "tafiyar kwana biyu ce" ko "tafiyar awa uku ce". To amma a harkar jirgin sama, nisa daban, lokaci daban. Wannan maƙala za ta yi bayani a kan wannan bambanci, ta hanyar ɗaukar misali daga filin jirgin sama na Murtala Muhammed da ke Ikeja zuwa na Malam Aminu Kano da ke Kano, garin da jirgin sama ya fara sauka a Nijeriya a shekarar 1925.

Nisan da ke Tsakani

Idan aka ja miƙaƙƙen layi tsakanin filayen biyu, nisan ya kai kimanin kilomita 830. Matuƙa jirgi kuwa da mil na ruwa suke lissafi, wanda kowane ɗaya daidai yake da kilomita 1.852, wato kimanin mil 450 ke nan. A mota kuwa, tafiyar takan kai kilomita 1,000 ko fiye, saboda hanya tana lanƙwasa ta bi ta garuruwa.

Me Ya Sa Lokacin Ya Fi Lissafi?

Babban jirgin fasinja yana gudun kusan kilomita 800 a awa ɗaya idan ya daidaita a sama. A bisa wannan lissafi, ya kamata a isa Kano cikin awa ɗaya da 'yan mintoci. Amma abin da ake rubutawa a tikiti yakan kai awa ɗaya da rabi. Dalili shi ne lokacin tikiti yana farawa ne tun daga sa'ad da jirgi ya motsa daga inda ya ɗauki fasinja. Sai ya gangara a hankali zuwa titin tashi, wani lokaci ya jira layi. Bayan ya tashi, ba ya kai cikakken gudunsa sai ya gama hawa, kuma tun da sauran tafiya yake rage gudu domin sauka.

Wannan ne ya sa Legas zuwa Abuja, mai kimanin kilomita 510, takan ci kusan awa ɗaya. Kano ta fi Abuja nisa da fiye da kilomita 300, amma ƙarin lokacin bai wuce rabin awa ba, domin lokacin tashi da na sauka kusan ɗaya ne ko tafiya gajera ce ko doguwa.

Sai kuma yanayi. Daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo yakan rufe sararin Arewa har matuƙi ya kasa hango titin sauka da kyau. A irin wannan hali akan jinkirta tashi, ko a karkatar da jirgi zuwa wani fili, ko ma a soke tafiyar.

Kammalawa

Saboda haka, ɗalibin da zai je Kano neman bayanai ko taron ƙara wa juna sani, kada ya dogara da awa ɗaya da rabi kawai. Ya haɗa da cunkoson hanyar Ikeja da lokacin tantance fasinja. Idan kuma lokacin hunturu ne, ya tafi tun ana gobe taron, domin da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.