Kafin Tsoho Ya Fara Motsa Jiki, A Tambaye Shi

A unguwar Kwarbai, cikin birnin Zariya, akwai dattawan da a da suke takawa har gonakinsu a bayan ganuwa. Yanzu babur ya yawaita, ƙarfi ya ragu, sai zaman zaure. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara mai shekara 65 ko fiye ya riƙa motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, wato tafiyar rabin awa sau biyar.

Amma wanda ya shekara biyar a zaune, ba a ce masa ya tashi yau ya taka har Ƙofar Doka. Da fari mukan yi masa tambayoyi, irin na wata takarda mai tambaya 7 da aka tsara a ƙasar Kanada a shekarun 1970. Ƙirjinsa yana ciwo ko nauyi in ya yi sauri? Jiri yana ɗibarsa, ko ya taɓa suma? Likita ya taɓa ce masa yana da ciwon zuciya? Mukan ƙara da ciwon sukari, ciwon ƙoda, kumburin ƙafa, da haki ko yana zaune.

To, a nan wahalar take. In ka ce, "Baba, yaya jiki?" amsar ɗaya ce: "Da sauƙi." Don haka mukan tambayi uwargida ko babban ɗansa, su ne suka san daren da bai yi barci ba.

Sai awon jini, domin hawan jini ba ya sallama. In ya kai 180 bisa 110, ko an amsa "i" ga ɗaya daga tambayoyin nan, a fara zuwa asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, likita ya duba tukuna.

Akwai kuma gwajin kujera. Ya tashi, ya taka mita 3, ya juyo ya zauna. In ya ci daƙiƙa 12 ko fiye, akwai tsoron faɗuwa, kada ya fita sai da sanda da ɗan rakiya.

Sauran, kuma su ne mafi yawa, ba sai sun jira likita ba. Su fara da minti 10 da sanyin safiya, a tafiyar da za su iya hira ba haki, su ƙara kaɗan kowane mako. Iyayenmu mata, zagayen tsakar gida ya isa a fara da shi. Wanda ya ji ƙirji ya riƙe ko ido ya yi duhu, ya tsaya nan take, a kai shi asibiti ran nan.