Ko Kun Sani? Ƙaramin Kulob Da Ya Raini Zakarun NBA

Ko kun san cewa kulob ɗin ƙwallon kwando na Toronto Raptors da ke Kanada yana da ƙane? Sunansa Raptors 905, an kafa shi a 2015 a garin Mississauga, maƙwabcin Toronto, kuma yana buga ƙaramar gasar NBA da ake kira G League. A lokacin, Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, shi ke jan ragamar harkokin babban kulob ɗin.

Hikimar tana cikin kusancin. Matashin da bai samu gurbi a babban kulob ba, maimakon ya yi ta ɗumama benci, sai a tura shi can ya buga wasa sosai, gobe kuma a kira shi ya dawo, tafiyar mota ce kawai.

Pascal Siakam, ɗan Duwala ta Kamaru, ya bi wannan hanya. Raptors ta ɗauke shi na 27 a zaɓen sababbin 'yan wasan NBA na 2016, aka sauko da shi ƙaramin kulob, wanda ga matashi mai buri ba ƙaramin ɗaci ba ne. A 2017 Raptors 905 ta ci kofin gasarta, shi kuma ya zama gwarzon wasannin ƙarshe. Tare da shi akwai Fred VanVleet, wanda babu kulob ɗin da ya zaɓe shi a 2016.

A 2019 su biyun suka taka rawar gani lokacin da Raptors ta doke Golden State Warriors, ta ɗaga kofin NBA karo na farko.